Azuzuwan Firamare na Majami'u a Ƙasar Ikara: Tafiya daga Zariya zuwa Kurmin Kogi

Hanyar da ke kai matafiyi Kurmin Kogi daga Zariya tana ratsa ƙasar ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna, wato Kudan da Makarfi da Ikara, kuma duk wanda ya bi ta da kaka zai ga abin da ke riƙe da rayuwar mutanen yankin tun kafin ya sauka daga mota. Ana barin Zariya ta titin Kano, a bi gefen ƙasar Kudan, wadda hedikwatarta take Hunkuyi, har a kai Tashar Yari, inda ake karkata zuwa Makarfi, daga nan kuma a miƙe zuwa Ikara. Dama da hagu gonakin masara ne da dawa da waken soya, a fadamu kuma rake ne, wanda ake matse ruwansa a dafa ya zama mazarƙwaila, sai tumatir da tattasai, waɗanda yawansu ya sa aka kafa masana'antar sarrafa tumatir a garin Ikara a farkon shekarun 1980. Kurmin Kogi ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ikara, tare da irin su Paki da Auchan da Saulawa da Pala da Janfalan, kuma shiga ƙananan ƙauyukan wannan ƙasa yakan buƙaci babur, musamman da damina, lokacin da ruwa ke cinye hanyoyin da ba su da kwalta.

Mafi yawan mutanen waɗannan ƙananan hukumomi Musulmi ne, amma a tsakaninsu akwai ƙauyuka da unguwanni na Hausawa Kiristoci, waɗanda da yawansu suke kiran kansu Masihiyawa, wato mabiya Almasihu. Galibinsu jikokin Maguzawa ne, Hausawan karkara da suka daɗe a kan addinin gargajiya kafin wasu su musulunta, wasu kuma su karɓi Kiristanci a cikin ƙarni na 20. Majami'unsu na ɗariku daban-daban ne, akwai Angilikan, wadda take da dayosis, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, mai mazauni a Ikara, akwai kuma ECWA da Baptis da Katolika. Abin lura game da yaron wannan al'umma shi ne cewa harshen da yake ji a gida, da wanda ake ciniki da shi a kasuwa, da wanda ake karanta masa Littafi Mai Tsarki da shi ran Lahadi, duk harshe ɗaya ne. Wannan babbar dama ce ga malamin aji, kuma yadda makarantun majami'u suke amfani da ita, ko suke barinta ta wuce su, shi ne abin da ya fi cancantar mai ziyara ya zuba wa ido.

Tarihin karatun boko a tsakanin Kiristocin wannan ƙasa yana da tushe a kusa, domin Gimi, sunan da har yau ke kan ɗaya daga mazaɓun Makarfi, ya shiga tarihin mishan tun kafin a gina Wusasa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani malami mai suna Ibrahim saboda koyarwarsa game da matsayin Annabi Isa, almajiransa kuma, waɗanda aka sani da Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda yake zaune a birnin Zariya tun 1905, bayan haka aka kafa musu zango a Gimi ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, inda aka haɗa noma da ibada da koyon karatu. Zangon bai yi tsawon rai ba, saboda ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya hallaka mutane da yawa cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira kuma suka koma Zariya. Da mishan ta tashi daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, makarantar da ke jikin majami'ar Saint Bartholomew ta zama matattarar 'ya'yan wannan ƙaramar al'umma. A wannan da'ira ta CMS aka yi renon Dokta R. A. B. Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, da Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau kuma jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da kuma Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi firamare a Wusasa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa waɗancan makarantu da Hausa suka fara. Manufar 'yan mishan ita ce kowane mai bi ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, kuma da aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, wadda Miller ya yi babban aiki a kanta, sai koyon baƙaƙen boko ya zama wani ɓangare na zaman majami'a, har manya suna zama bayan sujada suna haɗa baƙi da wasali. Turanci yakan biyo baya, bayan yaro ya riga ya san cewa rubutu magana ce da aka ajiye a takarda. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sannan shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya kai makarantun hukuma ƙauyuka da yawa, amma cunkoson azuzuwa da ƙarancin malamai, da kuma kukan iyaye cewa ba kullum ake samun mai koyar da darasin addinin Kirista ba, sun sa majami'u suka koma buɗe nasu ƙananan makarantun nazare da firamare, waɗanda su ne matafiyi yake tararwa a yau.

Irin wannan makaranta a karkarar Ikara ba ta da wuyar ganewa. Yawanci jerin ɗakuna ne biyu ko uku na bulo ko na jar ƙasa da rufin kwano, a cikin harabar majami'a, kusa da gidan fasto, kuma inda ɗakunan suka gaza sai a mayar da zauren majami'ar kanta aji daga Litinin zuwa Juma'a, a jingina allo a bango, yara su zauna a bencinan da iyayensu ke zama ran Lahadi. Ana fara yini da shara, kowane aji da nasa ɓangaren fili, sannan a buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a bishiya, yara su yi layi aji-aji domin taron safe. A nan ake yin waƙar yabo da addu'a, a karanta gajeren nassi, a rera taken ƙasa, a duba farce da tsabtar yunifom, hedimasta kuma ya yi sanarwa. Waƙoƙin yabon da Hausa ake yinsu, da ganga da tafi, kuma yaran sun san ma'anar kowace kalma, shi ya sa muryarsu take fita da ƙarfi irin wanda ba a ji lokacin da suka koma rera abin da aka haddace musu da Turanci.

A aji ɗaya da aji biyu ne ake yanke wa yaro makomarsa ta karatu, ko da yake ba kowane uba ne ya san haka ba. Inda aka dace da malamar da ta san aikinta, takan rubuta wasula biyar a allo, ta kawo baƙi ɗaya ta haɗa shi da kowannensu, yara su bi ta da baki, sannan ta haɗa gaɓa da gaɓa, wato guntayen sautin da kalma take rabuwa gare su, har kalmar da yaro ya sani ta fito a gabansa, kamar rake ko masara ko kaza. Rubutun Hausa yana taimakon wannan hanya ƙwarai, domin kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, saboda haka yaron da ya riƙe baƙaƙen, har da masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ, yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani a rubuce ba. Daga nan sai shifta, inda malama ke faɗin kalma yara suna rubutawa, sai kuma auna fahimta, inda ake karanta ɗan labari a tambayi yaro abin da ya faru da dalilin faruwarsa. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ni zan karanta," ya kuma karanta jimla ya yi dariya saboda ya gane abin da ta ƙunsa, to aikin makaranta ya fara kama ƙasa. Tsofaffin littattafan koyon karatu da aka buga a Zariya, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, a kan wannan tsari aka gina su, kuma shirye-shiryen baya-bayan nan, kamar Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, shi suka sake ɗauka da sababbin kayan aiki.

Sai dai ba kowane aji ne yake tafiya haka ba, kuma a nan ne damuwa take. Makarantar majami'a makarantar kuɗi ce, komai ƙanƙantar kuɗin, kuma manomin da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin zango yana son ya ji ɗansa yana Turanci, domin a idonsa wannan ne shaidar cewa kuɗinsa bai faɗi a banza ba. Ba za a ga laifinsa ba, tun da da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga sakandare, da shi ake neman aiki. Amma sakamakon wannan buri shi ne wasu makarantu suna fara koyarwa da Turanci tun daga nazare, har su hana yin Hausa a aji, su ɗora wa monita rubuta sunan wanda ya yi ta. Abin da mai ziyara yake ji a irin wannan aji shi ne amshi, malami ya faɗi jimla, yara su maimaita da murya ɗaya, su kwafe ta daga allo da kyakkyawan rubutu, amma idan aka nuna wa ɗayansu kalma guda a tsakiyar jimlar aka ce ya karanta, sai ya koma farko ya rero ta gaba ɗaya. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, an ɗora masa kaya biyu ne a lokaci ɗaya, koyon karatu da koyon baƙon harshe, alhali rubutun Turanci ba ya bin sautinsa yadda na Hausa yake bi. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ke kewaye da shi a shekarun farko na firamare, kuma gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Turanci. Abin takaici ne a ga makarantar da ta gaji Gimi da Wusasa tana sakin hanyar da ta fitar da manyan mutanenta na farko.

Darasin lissafi ya fi sauƙin daidaitawa, domin kayan aikinsa suna zube a tsakar gida. Yara sukan zo da ƙullin karare ko tsakuwa ko marafan kwalba, a ɗaure karare goma-goma domin a nuna musu bambancin gidan ɗaya da gidan goma, sannan a shiga tarawa da ɗebewa. Yaron da ke raka uwarsa kasuwa ya riga ya san mudu da tiya da kwandon tumatir, ya san canjin naira, kuma malamin da ya gina tambayarsa a kan waɗannan yakan sami amsa tun kafin ya gama rubuta ta a allo.

Darasin addinin Kirista shi ne zuciyar makarantar, kuma a nan ne ake ganin hanyoyin koyarwa mafi rai. Manhajar hukuma ta tsara shi, amma malaman sun fi dogara da gogewar makarantar Lahadi, wato ajin da majami'a ke yi wa yara kafin sujada ko bayanta. Ana ba da labari da baki, yadda ake tatsuniya, da sauya murya da tambayar yara abin da suke tsammani zai biyo baya, kuma labaran da suka fi kama su su ne waɗanda suka yi kama da duniyarsu, kamar na Yusufu da 'yan'uwansa, da na Dawuda yana kiwon tumaki, da misalin mai shuka wanda irinsa ya faɗi a wurare dabam-dabam, wanda ɗan manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa. Bayan labari sai ayar haddacewa, gajeren nassi da yaro zai riƙe a ka ya kawo washegari tare da sunan littafi da sura da aya. Sau da yawa akan mayar da labarin wasan kwaikwayo, a raba wa yara matsayi, zanen uwa ya zama alkyabba, sandar kiwo ta zama ta makiyayi, musamman a ƙarshen zangon farko, lokacin da ake shirin Kirsimeti kuma iyaye suke zuwa kallo. Akwai kuma gasar buɗe Littafi, inda malami ke kiran sura da aya, wanda ya riga samowa ya miƙe ya karanta, wasan da ke koya wa yaro saurin ido da sanin lambobi ba tare da ya ji ana koya masa ba. Abin da ya kamata shugabannin makarantu su lura da shi shi ne cewa duk waɗannan dabaru, labari da wasa da gasa da tambaya, za su yi aiki a darasin kimiyya da na zaman jama'a, amma sau da yawa da an fita daga darasin addini sai a koma kwafe allo.

Ba 'ya'yan Kiristoci kaɗai ake samu a wasu daga waɗannan makarantu ba, domin maƙwabta Musulmi sukan kawo nasu idan makarantar ta yi suna wajen koyarwa ko ta fi ta hukuma kusa. Sunayen da ake kira a rajista ma ba su cika rarrabe yaran ba, tun da Musa da Yakubu da Maryamu da Saratu da Ayuba sunaye ne na gidajen biyu. Makarantar da ta san darajar wannan amana takan kiyaye, ba ta tilasta wa yaron wani addini abin da iyayensa ba su yarda da shi ba, kuma a ƙasar da rikicin addini ya sha taɓa biranenta, yara biyu da suka yi shekara shida a benci ɗaya dukiya ce da ba a rubuta ta a rahoton jarrabawa.

Da lokacin tara, wato hutun tsakiyar safiya, yara maza sukan shiga langa ko ƙwallo, mata kuma su yi gaɗa da carafke, masu sayar da ƙosai da awara da gyaɗa suna zaune a gindin bishiya. Bayan tara, a wasu ranaku, akan yi aikin hannu, inda ake saƙa igiya da mafici ko a ɗaure tsintsiya, ko kuma a fita gonar makaranta idan majami'a ta ware fili. Gonar nan ita ce ɗakin gwajin kimiyyar da makarantar ƙauye take da shi, domin a cikinta ake iya shuka wake a layi biyu, a sa wa ɗaya taki a bar ɗaya, yara su riƙa auna tsayi da rula kowane mako suna rubutawa. Inda aka yi haka, gona ta zama darasi, inda kuwa aka mayar da ita wurin horon mai laifi ko hanyar samar wa malami amfani, yara sukan tashi da ƙin aikin da iyayensu ke ci da shi.

Kalandar makaranta da ta noma ba sa jituwa a wannan ƙasa. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, yana faɗawa cikin kaka, lokacin da ake buƙatar kowane hannu wajen karyar masara da yankan waken soya, zango na biyu yana haɗuwa da sanyin hunturu da aikin lambu da ɗiban tumatir, na uku kuma da shuka da noman farko. Rajistar aji tana nuna wannan a sarari, musamman a aji biyar da shida, inda yaran suka isa aiki, da kuma ranakun kasuwa. Kuɗin makaranta ma kalandar gona yake bi, domin iyaye da yawa ba sa iya biya sai amfani ya shigo gida, abin da ke sa albashin malamai ya makara, wani lokaci har sai an haɗa da baikon majami'a ko gudummawar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, kafin a biya su. A taron iyaye da malamai akan ji uwa ta miƙe ta ce, "Baba Fasto, a yi mana haƙuri zuwa bayan girbi," kuma da wuya a kori yaro saboda wannan, domin kowa ya san gidan kowa.

Wannan ƙarancin kuɗi shi ke yanke irin malamin da makaranta za ta iya riƙewa. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, wadda ake samu a kwalejojin ilimi, amma makarantar ƙauye sau da yawa tana dogara ne da matasan majami'a da suka gama sakandare suna jiran samun gurbin ƙarin karatu, waɗanda da sun samu sai su tafi. Matsalar ingancin malamai ba ta makarantun majami'u kaɗai ba ce, domin a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamarenta kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, ta sallame su, matakin da ya jawo doguwar muhawara da ƙungiyar malamai. Bambancin da ke akwai shi ne malamin majami'a yana zaune a cikin ƙauyen, yana haɗuwa da iyayen ɗalibansa a sujada, saboda haka fashin aiki yana yi masa wuya. Himma dai akwai ta, horo ne da littattafai suka yi ƙaranci. A aji da yawa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi su ne kaɗai rubutun Hausa da yaro zai taɓa da hannunsa, alhali Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma rubuta Magana Jari Ce, tana nan kusa. Dayosis ko gundumar majami'a da za ta tara malamanta na aji ɗaya zuwa uku a lokacin dogon hutu ta koya musu hanyar baƙi da wasali, ta kuma sayi akwatin littattafan labarai na Hausa da za a riƙa zagayawa da shi tsakanin makarantu, ba za ta kashe kuɗin da ya kai na rufin aji guda ba.

Ɗaliban aji shida su ne suke fuskantar hanyar fita daga ƙauye. Tun daga dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, wajibi ne kuma kyauta a makarantun hukuma, amma sakandaren tana iya kasancewa a wani gari, kuma nisan yakan fi shafar 'yan mata, waɗanda iyaye ba sa son su yi doguwar tafiya a ƙasa kullum. Wasu gidajen sukan kai yaro wurin dangi a Ikara ko Makarfi, masu hali su kai shi makarantar kwana a Zariya, inda daga baya wasu ke dawowa Makarfi domin karatun aikin lafiya a makarantar da aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris. Malaman sakandare da ke karɓar waɗannan yara sukan gane cikin makon farko wanda ya zo yana karatu da wanda ya zo yana rera abin da ya haddace, kuma wanda ya iya karanta Hausa da fahimta shi ne yake saurin kama Turancin littattafan aji ɗaya na sakandare.